Garin Iska da Garin Masaƙa



Wata Asabar da yamma a cikin daminar nan, ina kan hanyata daga Barnawa zuwa Sabon Tasha, ruwa ya tare ni a Unguwar Television, a nan Kaduna. Na fake a barandar wani ɗaki da ke jikin wata majami'a, ashe matasa ne a ciki suna gwajin kiɗan da za su yi washegari. Su biyar. Mai ganga ya cusa tsohon matashin kai cikin babbar gangar da yake bugawa da ƙafa don ya rage mata amo, sandarsa ɗaya kuma ta tsage an naɗe ta da salatif. Mai jitar bes yana zaune a kan lasifikarsa, idonsa a rufe. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Babu wanda ya ɗaga kai. Mai fiyano ya koma tafi, mai ganga ya riƙe kiɗan shi kaɗai, mai waƙa ta ci gaba da bakinta, har wani yaro ya zagaya baya ya ja janareta, jitocin suka dawo daidai gaɓar da ya kamata su dawo. Wanda ya san kiɗa ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai mutanen da suka daɗe tare har suka san numfashin juna.

Da suka tsaya shan ruwa na yi musu sallama, na ce da mai jitar, "Samari, shekara nawa kuna tare?" Ya ce, "Shida ke nan, Baba." Na ce, "To ina faifanku?" Suka dubi juna. Ya ce, "Baba, wa zai saya? Yanzu ai waƙa ɗaya ake yi a jefa a waya." Na ce to, ban da waƙoƙin ibada da na biki, kuna da naku na kanku? Sai mai gangar ya zaro wani littafi mai shuɗin bango daga jakarsa. Ya cika shi da waƙoƙi, amma duk da Turanci. Yaron nan da Hausa ya gaishe ni, da Hausa yake yi wa abokansa faɗa in sun kuskure, da Hausa yake ciniki a kasuwa. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Baba, Hausa ba ta hawa irin wannan kiɗan."

Wannan maganar ce ta kawo ni gabanku yau, domin an taɓa yin irinta a wata ƙasa mai nisa, fiye da shekara hamsin da suka wuce, kuma wasu samari huɗu suka ba da amsarta da faifai guda.

Ƙasar ita ce Japan. A ƙarshen shekarun 1960 kiɗan rok, kiɗan nan na jitar lantarki da ganguna da ya taso daga Amurka da Ingila, ya shiga jinin matasan Tokiyo. Sai gardama ta kaure a tsakaninsu, har a shafukan mujallu: da wane harshe za a rera shi? Ɓangare guda, wanda wani fitaccen mawaƙi mai suna Yuya Uchida ke gaba, suka ce da Turanci aka haifi rok, da Turanci kuma zai shiga duniya, Japananci ba ya zama a kan bugunsa. Ba su tsaya ga fatar baki ba. Ƙungiyar da Uchida ya ɗaure wa gindi, Flower Travellin' Band, ta tattara ta tafi Kanada neman kasuwa, kuma a 1971 faifanta mai suna Satori ya fito, da Turanci, faifan da har gobe masu son kiɗa mai nauyi ke girmamawa. Na faɗi haka ne don kada wani ya ɗauka mutanen banza ne. Suna da hujja, hannunsu kuma ya faɗa.

Ɗaya ɓangaren samari huɗu ne masu kiran kansu Happy End. Haruomi Hosono ke riƙe da bes. Eiichi Ohtaki na jita da waƙa. Shigeru Suzuki, autansu, shi ke jan babbar jita, lokacin bai cika shekara ashirin ba. Sai Takashi Matsumoto, mai ganga, wanda kuma shi ne marubucin mafi yawan baitocinsu. Ku lura, mai ganga ne mai littafin, kamar dai yaronmu na Television. Kiɗan Amurka suke saurare dare da rana, musamman wata ƙungiya da ake kira Buffalo Springfield, ba su kuma taɓa ɓoye haka ba. Amma sun ƙudurta cewa duk abin da za su faɗa, da harshen iyayensu za su faɗe shi. Faifansu na farko ya fito a watan Agustan 1970 ta hannun URC, wani ƙaramin kamfani da ya fara a 1969 da aika wa mambobinsa faifai kai tsaye, saboda akwai waƙoƙin da manyan kamfanoni ba sa yarda su taɓa.

Matsalar da masu suka ke nunawa gaskiya ce, kuma mu Hausa ta koya mana ita tun muna goye. Japananci harshe ne da hawa da saukar murya ke canza ma'ana a cikinsa, tsawon wasali ma haka. Kalmar hashi, in ka ɗaga farkonta, tsinken cin abinci kake nufi. In ka ɗaga ƙarshenta, gada kake nufi. Mu ma kuka na hawaye daban, kuka ta miya daban. Gari da muke zaune a ciki daban, gari na tuwo daban. In ka ɗauko karin da aka ɗinka wa Turanci ka tilasta wa irin waɗannan kalmomi su shiga, dole ka karya musu wuya, mai sauraro kuma kunnensa zai gaya masa akwai abin da bai zauna ba, ko da bai iya faɗin mene ne ba. Wannan shi ne abin da mai gangarmu ya ji, har ya yanke hukunci a kan Hausa. Kunnensa bai yi ƙarya ba. Hukuncin ne ya yi gaggawa.

Su Happy End aikin tela suka yi. Da riga ta ƙi shiga, sai suka warware ta suka sake ɗinki a jikin mai ita. Matsumoto kan rubuta baiti tukuna, sannan Hosono ko Ohtaki ko Suzuki ya zauna ya nemo masa karin da zai ɗauke shi. Ya kuma yi wani abu da kunnen mutane bai saba da shi ba a irin wannan kiɗa: ya riƙa rufe jimlolinsa da kalmomin ladabi na hirar yau da kullum, irin waɗanda mutum ke yi wa baƙo magana da su. Rok kuwa an san shi da tsawa da ɗaga kafaɗa. Sai ga shi ana rera shi da muryar mutumin da ke tafe a titi yana ba ka labarin abin da ya gani.

Da wannan dabara suka shiga situdiyo a Tokiyo cikin 1971, suka yi watanni suna aiki, ranar 20 ga Nuwamban shekarar kuma faifansu na biyu ya fito, mai waƙoƙi goma sha biyu. Sunansa Kazemachi Roman, wato labarin garin iska. A bangonsa babu komai sai zanen fuskokinsu huɗu.

Wane gari ne garin iska? Nan ne zuciyar maganata. A 1964 Tokiyo ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik, kuma don a tarbi duniya aka yi wa birnin fiɗa. Aka rushe unguwanni, aka faɗaɗa tituna, aka ɗora manyan hanyoyin sama a kan koguna, har a kan tsohuwar gadar Nihonbashi mai tarihi. Jirgin ƙasan nan mai gudun tsiya ya fara aiki a watan Oktoban shekarar. Taragun lantarki masu bin tsakiyar titi, waɗanda talakawa ke hawa zuwa aiki, aka shiga cire su layi bayan layi. Matsumoto ɗan unguwar Aoyama ne, an haife shi a 1949, kuma gidan da ya tashi a ciki yana cikin waɗanda aikin hanya ya cinye. Yaro ya girma, wurin da ya yi wasan ƙasa ya zama kwalta motoci na bi ta kai. Garin da ya rasa shi ne ya sake ginawa a cikin waƙa ya sa masa suna garin iska, garin da ba ka ganinsa amma kana jin yana taɓa ka. Shi ya sa abin ya zama faifai, bai tsaya a waƙa ɗaya ba. Waƙa ɗaya ba ta ɗaukar gari. Sai an ba shi safiyarsa da zafin ranarsa da daminarsa da lungunansa, mai sauraro ya shiga ta wannan ƙofa ya fita ta waccan.

Da ya fito bai yi wata kasuwar a-zo-a-gani ba. Ƙungiyar ma ba ta daɗe ba. A ƙarshen 1972 suka rabu, bayan sun je Los Anjelas sun ɗauki faifai na uku wanda ya fito a 1973. Amma abin da suka shuka ya tsiro. Hosono ya kafa Yellow Magic Orchestra a 1978, ƙungiyar da ta zagaya duniya. Matsumoto ya ajiye sanda ya riƙe alƙalami, ya rubuta wa mawaƙan ƙasarsa baitocin waƙoƙi sama da dubu biyu. A 2003 wata waƙa daga faifan ta shiga fim ɗin Amurka mai suna Lost in Translation, mutanen da ba sa jin kalma ɗaya ta Japananci suka shiga nemanta. A 2007 mujallar Rolling Stone ta Japan ta jera faya-fayen rok ɗari mafi daraja a tarihin ƙasar, ta sa Kazemachi Roman a na ɗaya. Gardamar harshe kuwa ta mutu da kanta. Yau yaron Tokiyo da ya ɗauki jita ba ya tsayawa tambayar ko harshensa zai hau.

Wani zai ce, Malam, ina ruwan Kakuri da Tokiyo? Dattawan da ke saurarena a Makera da Nasarawa sun riga ni sanin amsa. A tsakiyar shekarun 1960, kusan lokacin da aka rushe unguwar su Matsumoto, kamfanonin saƙa na Japan sun haɗa jari da gwamnatin Arewa suka kafa masaƙar Arewa Textiles a nan Kakuri. Japanawa sun zauna a garin nan, sun koya wa iyayenmu sarrafa injin kaɗi da na saƙa. A masaƙar nan ne Adams Oshiomhole ya fara aiki yana matashi, ya shiga harkar ƙungiyar ƙwadago, kafin duniya ta san shi. Kafin ita akwai masaƙar KTL, wadda ta fara aiki a 1957, Sardauna na Firimiya, da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila. Ga Nortex, ga UNTL ta 1964. A 1975 Peugeot ta buɗe masana'antar harhaɗa motoci a gefensu. Kudancin kogin Kaduna bai cika da mutane don kyan iska ba. Aiki ne ya kira su.

Wanda bai gani ba zai yi wuya ya yarda. Jiniya ta yi kuka da asuba, sai ka ga kekuna sun cika titi kamar an buɗe dam, masu aikin dare na fitowa da farin auduga a gashin kansu da girarsu, masu aikin safe na shiga. Mata masu koko da ƙosai da masu shinkafa da wake sun jeru a bakin ƙofa, kowace da littafin bashinta sai ƙarshen wata. Ranar albashi kasuwar Kakuri ba masaka tsinke. A cikin ɗakin saƙa kuwa, Bajju da Atyap da Tibi da Idoma da Igala da Banufe da Bayarabe da Ibo da Bakano suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, ƙarar injuna ta hana su jin juna sai da ihu da alamar hannu, ihun kuma da Hausa ake yinsa.

Sai abubuwa suka taru suka yi wa masaƙun rubdugu: rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, tsofaffin injuna, da atamfar waje mai araha da ake shigowa da ita ta kowace kafa. KTL ta rufe a 2002, Arewa ta bi bayanta ba da daɗewa ba, UNTL ta tsaya a 2007. A cikin waɗannan shekarun ne kuma rikicin 2000 da na 2002 suka sa dubban mutane suka kwashe kayansu suka ƙetare gadar kogin Kaduna, wasu suka yi arewa wasu suka yi kudu, kowa na neman inda masu addininsa suka fi yawa. Maƙwabtan shekara talatin suka rabu ba sallama. Yau ka bi ta gaban wasu masaƙun, ciyawa ta fi mutum tsawo a inda ake jera kekuna.

To ku gaya mini, jama'a, in wannan ba garin iska ba ne, mene ne? Yaran da na gani a Television an haife su ne bayan jiniya ta yi shiru. A gidajen da kuɗin masaƙa ya gina suka tashi, a hannun iyayen da masaƙa ta sallama. Labarin yana cikin tukunyar gidansu. Kuma cikin duk abin da ya yi ƙaura a garin nan, Hausa ba ta yi ba. Ana yin ta a Rigasa da Tudun Wada da Kawo, ana yin ta a Narayi da Romi da Gonin Gora. Da ita ake wa'azi a masallaci, da ita ake rera waƙar yabo a majami'a. Faifan da aka yi da Hausa a kan Kakuri zai ƙetare gadar nan ba tare da kowa ya tambaye shi sunansa ba. Ban san wani abu da yawa da zai iya haka a yau ba.

Batun cewa Hausa ba ta hawa kiɗan ƙungiya kuwa, ba sai mun je Japan neman shaida ba. A garin nan Bala Miller ya zauna. Ɗan gidan Zariya ne, an haife shi a 1928, ya rasu a 2003. Bayan bikin FESTAC na 1977 ya tara matasa ya horar da su ya kafa babbar ƙungiyarsa ta Pyramids, da jitoci da ƙahonin bature da ganguna, suna kiɗa a kulob ɗin Costain, suna fitowa a talabijin na ƙasa cikin shirin da ke ɗauke da sunansa. Waƙarsa Ikon Allah da Hausa take, kuma duk wanda ya kai shekaruna a Arewa, Musulmi ko Kirista, in aka ɗauko ta zai iya kama amshi. Hausar ba ta karye ba a bakinsa, domin ya san inda take hawa da inda take sauka, ya sa kiɗan ya bi ta. Daga baya Jeremiah Gyang ya zo daga Jos da Na Ba Ka, jita a hannu, Hausa a baki, har Legas ta saurara. Solomon Lange, ɗan jihar nan, ya cika majami'u da waƙoƙin Hausa. A ɗaya gefen su Umar M. Shareef da Nura M. Inuwa sun yi shekaru suna fitar da albam bayan albam, su DJ AB kuma sun nuna Hausa na gudu a kan kiɗan gambarar zamani ba tuntuɓe. Ban raina ko ɗaya ba. Abin da na rasa a cikinsu shi ne abin da na ji a ɗakin nan ranar da ruwa ya tare ni: mutum biyar suna kiɗa lokaci guda, kowa na sauraron ɗan'uwansa. Yawancin waƙoƙinmu na yanzu mutum ɗaya ne da fiyano da kwamfuta ke haɗa kiɗan, mawaƙi ya zo daga baya ya ɗora murya. Yana da daɗinsa. Amma kwamfuta ba ta jinkirta bugu don ta ga mawaƙiya na neman numfashi.

Kuma malaman wannan aiki suna nan a gidanmu. Kalangu magana yake yi, don yana bin hawa da saukar harshe. Mai jitar da ya zauna kusa da makaɗin kalangu wata guda zai koyi abin da intanet ba za ta koya masa ba. Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi wa karen mota waƙa, ya ɗauki yaron da kowa ke yi wa tsawa a tasha ya sa ƙasa duka ta dube shi. Wanda ya yi wa karen mota waƙa, me zai hana jikokinsa su yi wa masaƙi?

Saura tambayar mai jitar, wadda ita ce mai nauyi: wa zai saya? Ba zan yi muku ƙarya ba, kasuwar faifai ta lalace. Kaset ya tafi, faifan CD ya bi shi, masu tura waƙa a waya a bakin kasuwa su ke cin ribar da mawaƙi bai gani ba. Situdiyoyinmu da yawa ɗaki ne ƙanƙane mai makirfo ɗaya, ba inda za a kafa ganguna, balle a sa mutum biyar. Duk gaskiya ne.

Amma mu leƙa Yamai. Akwai ƙungiya a can mai suna Tal National, wadda wani mai jita, Hamadal Issoufou Moumine, da aka fi sani da Almeida, ya kafa a 2000. Mutumin nan ya yi ƙwallo, ya kuma yi aikin shari'a a kotu, da dare ya ɗauki jita. Suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da harshen Buzaye, suna kiɗa kusan kowane dare, awa bayan awa, a bukukuwa da wuraren taro. Nijar ba ta fi mu situdiyo ba, ba ta fi mu wuta ba. Da suka tashi yin faifai, Almeida ya lissafa ya ga kai ƙungiya duka ƙasar waje ya fi ƙarfinsa, sai ya gayyato wani mai ɗaukar sauti daga Shikago, Jamie Carter, ya zo Yamai da kayan aikinsa a jaka. Da yake kullum suna kiɗa tare, ba su ɓata lokaci ba. Cikin 'yan makonni aka gama. Da babu kamfanin rarrabawa, sai suka riƙa sayar da faya-fayensu da kansu a shataletalen birnin. Faifansu Kaani shi ne wanda kamfanin FatCat na Ingila ya ɗauka ya fitar wa duniya a 2013, daga nan suka shiga zagaya Amurka. Zoy Zoy ya biyo a 2015, Tantabara a 2018. Ba su canza harshe don Bature ya ji ba. Bature ne ya biyo su.

Abin da na koya daga Yamai da Tokiyo shi ne, tsadar faifan ƙungiya ba a situdiyo take ba. Tana cikin shekarun da aka yi ana kiɗa tare, kuma yaranmu sun riga sun biya wannan kuɗin, shekara shida, kowace Asabar, da wuta da babu wuta. Abin da ya rage ɗaki ne mai faɗi wanda ba ya amsa-kuwwa da yawa, da makirfo shida ko takwas na haya, da mutum ɗaya mai kunne, da man janareta na mako biyu. Ɗakunan taro na majami'u da makarantu suna nan a rufe daga Litinin zuwa Alhamis. Masu hali a Barnawa da ke kashe miliyoyi a bikin kwana ɗaya, abin da suke ba mai ado da fure kaɗai zai ɗauki nauyin wannan aiki. Ranar fitarwa kuma ba sai an je otal ba. A yi ta a fili a Kakuri, a gayyaci tsofaffin ma'aikatan masaƙa su zauna a sahun gaba, a gayyaci waɗanda suka koma Tudun Wada da Rigasa su ƙetaro.

Mu ma 'yan rediyo akwai namu a ciki, kuma ba zan kare mu ba. Sau nawa yaro ya kawo mana waƙar da ya yi da guminsa muka ajiye ta a aljihun tebur, muka sa abin da Legas ta riga ta yanke wa hukunci? Rediyon Kaduna, tun kafuwarsa a 1962, shi ya ɗauki muryar su Mamman Shata ya kai ta Yamai da Kumasi da Fotlami, har ta zama dukiyar Hausawan duniya. Waɗanda suka yi wannan aiki ba su jira wani ya gaya musu waƙar gida tana da daraja ba. In faifan da nake magana ya fito, haƙƙinmu ne mu sa shi daga farko har ƙarshe, waƙa bayan waƙa yadda masu shi suka jera, mu bar mutane su shiga garin su zagaya.

Makonni biyu bayan wancan ruwan na koma wurin yaran, amma ban tafi ni kaɗai ba. Na ɗauki wani dattijo maƙwabcina wanda ya yi shekara ashirin da wani abu a ɗakin saƙa na ɗaya daga cikin masaƙun nan. Kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa saboda ƙarar injin, sai ka zauna ta damansa. Da farko ya ƙi, ya ce shi me ya sani a kiɗa. Yaran suka ba shi kujera, suka durƙusa suka gaishe shi. Mai gangar ya ce, "Baba, yaya ƙarar injin take?" Dattijon ya yi shiru. Sai ya miƙa hannu kan bencin katako, ya fara bugawa da tafin hannu da yatsu, bugu biyu masu nauyi da ɗaya marar nauyi a tsakani, ƙoshiya na zuwa tana dawowa, ba sauri ba jinkiri. Ya ce haka ɗari da wani abu suke yi a ɗaki ɗaya, in ɗaya ta tsinke zare, a cikin duk wannan ƙara kunnenka zai gaya maka wacce ce. Ya ce har yau wani lokaci da ita yake farkawa da asuba.

Mai bes ne ya fara shiga, a hankali, ƙasa-ƙasa. Mai gangar ya ɗauki sandarsa mai salatif ya bi hannun tsohon a kan ƙaramar ganga, ya kuskure, ya sake, ya kuskure. Mawaƙiyar ta jawo littafin nan mai shuɗin bango, ta juya shi ta baya inda sauran fararen shafuka suke, ta ce, "Baba, da wane suna kuke kiran masu aikin dare?" Ya faɗa mata, ta rubuta. Ta tambaye shi sunan matar da ke ba su koko bashi, ya yi dariya har ya share ido, ya faɗa, ta rubuta. Mai gangar bai ɗago ba. Ya matso da kujerarsa ta daman dattijon, ya ɗaga murya ya ce, "Baba, don Allah a sake buga mini, daga farko."